Doguwar Tafiyar Ƙasa a Daji: Tun Daga Gida Ake Shirin Tsira

A fitowar wannan wata za mu ɗan jingine zancen girki da kwalliya, mu leƙa wata hanya da ke ƙasar Amurka, wadda mutane ke bi da ƙafa har tsawon wata biyar zuwa bakwai, kayansu a goye, kwanansu a daji. Na san za ki ce, to ni ina ruwana da yawon dajin Turawa? Da ruwanki kuwa. 'Ya'yanmu da ke karatu a ƙasashen waje suna shiga irin wannan tafiya lokacin hutu, makarantu na kwasar ɗalibai zuwa hawan duwatsu, kuma ko a nan gida sai an yi kwanaki ana takawa kafin a kai ƙololuwar Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Ranar da ɗanki ko maigidanki zai ce miki za su shiga daji na kwana biyar, abin da kika sani a yau shi zai sa ki yi masa tambayoyin da suka dace kafin ya ɗauki jaka.

Da an ambaci daji, hankalin uwa yakan tafi ne kan namun dawa. Amma abin da ya fi halaka masu wannan tafiya ƙananan abubuwa ne da ake rainawa: makuwa, jiƙewa a cikin sanyi, zafin rana, zamewa a kan dutse, da tsallaka ruwa. Kusan dukkansu kuma maganinsu na cikin shirin da aka yi tun ba a fita daga gida ba.

Wace hanya ce wannan?

Sunanta Hanyar Afalashiya, saboda ta bi ta kan jerin tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka. Ta tashi daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta ƙare a dutsen Katahdin a jihar Meyin. Tsawonta kimanin kilomita 3,500 ne, wato ta ninka tafiyar Kano zuwa Legas fiye da sau uku. Wani mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a shekarar 1921, aka kammala haɗa ta a 1937.

Hanya ce siririya ta ƙafa, babu kwalta, babu fitila. Abin da ke nuna wa matafiyi cewa yana kan hanya shi ne wani ɗan zanen farin fenti da ake shafawa a jikin itatuwa da duwatsu, faɗinsa santimita 5, tsawonsa santimita 15. In an ga zane biyu a haɗe, to akwai kwana a gaba. In kuwa shuɗi ne, to ƙaramar hanya ce da ta ratse zuwa wurin ruwa ko wurin kwana. Akwai rumfunan kwana fiye da 250 a kan hanyar, galibinsu bango uku ne da rufi, gabansu a buɗe. Mutum wajen miliyan uku ne ke taka wani sashe nata a kowace shekara, amma cikin waɗanda ke ɗaura niyyar binta daga farko har ƙarshe, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke kaiwa.

Labarin mata biyu

A shekarar 1955 wata dattijuwa daga jihar Ohayo mai suna Emma Gatewood, mai shekara 67 da 'ya'ya 11, ta zama mace ta farko da ta bi hanyar ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe a tafiya guda. Kwana 146 ta yi. Takalmin kambas ne a ƙafarta, kayanta na cikin wata jaka da ta ɗinka da hannunta, labulen banɗaki na leda kuma shi ne abin kare ruwanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ta fara gwadawa a 1954 daga ɓangaren Meyin, ta yi makuwa cikin 'yan kwanaki, tabaraunta ya karye, guzurinta ya ƙare, jami'an gandun daji suka ba ta shawarar ta koma gida. Ta kuwa koma, ta sake shiri. Juyawar nan da ta yi ita ta ba ta damar dawowa da ranta a shekara ta gaba. Sai dai akwai abu ɗaya da ba za a yi koyi da ita ba a kansa: ce wa 'ya'yanta kawai ta yi za ta ɗan taka, ba ta gaya musu inda ta nufa ba.

Ta biyun wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce mai shekara 66, wadda a 2013 ta riga ta taka fiye da kilomita 1,500 na hanyar. Mijinta na biye da ita a mota, suna haɗuwa a inda hanyar ta gitta titi yana kawo mata guzuri. Da fari tare take da wata ƙawarta, sai wata larurar gida ta sa ƙawar ta koma, ita kuma ta ci gaba ita kaɗai. Da safiyar 22 ga Yulin 2013, a cikin dajin Meyin, ta ratse daga hanya don ta zagaya. Da ta gama sai ta rasa ta inda ta shigo. Ta aika wa mijinta saƙon waya, saƙon bai tafi ba saboda babu sabis. Sai ta yi ta hawa tudu tana neman inda waya za ta kama, a haka ta ƙara nisa da hanya. Daga ƙarshe ta kafa tantinta a wani wuri mai duhuwar itatuwa, inda jiragen da ke nemanta ba sa iya hango shi. An yi gagarumin bincike da mutane da karnuka da jirage, ba a dace ba. Littafin da take rubutu a ciki ya nuna ta rayu aƙalla kwana 26 bayan ɓatanta. Sai a watan Oktoban 2015 aka ga gawarta, kimanin kilomita 3 daga hanyar da ta bari.

Ki dubi wannan lamari da kyau, uwargida. Ba yarinya ba ce, ba kuma jahilar lafiya ba ce, kuma mijinta ya san ranar da wurin da ya kamata ta fito. Fita kama ruwa ce kawai, abin da kowace mace ke yi sau da yawa a yini. Mu mata kuma mun fi maza kutsawa ciki saboda kunya, don haka wannan darasi namu ne kafin na kowa.

Takardar da ake bari a gida

Abu na farko da mai tafiya zai yi shi ne ya bar wa wani amintacce cikakken bayani a rubuce: inda zai shiga daji, inda zai kwana kowane dare, inda zai fito da ranar fitowa, sunayen abokan tafiyarsa, launin tufafinsa da na jakarsa, da magungunan da yake sha. A ƙasan takardar a rubuta lokacin da za a fara nemansa in ba a ji daga gare shi ba, tare da lambar hukumar da ke kula da dajin. In ke ce aka bar wa takardar, to da lokacin ya cika ki kira hukuma, kada ki ce bari a ga gobe. Sa'o'in farko su ne mafi daraja a wajen masu bincike, domin duk awar da ta wuce faɗin dajin da za su bincika ƙaruwa yake yi.

Sai kayan da ba a barin su ko da tafiyar yini ɗaya ce: taswira ta takarda da kamfas, tare da sanin yadda ake aiki da su, tocila da batirin canji, ashana a ƙulle cikin leda, usur, 'yar wuƙa, rigar ruwa, rigar sanyi, abinci da ruwa fiye da na buƙata, da ɗan akwatin taimakon gaggawa mai filasta, bandeji, hantsaki, maganin ciwon jiki da ƙullin gishiri da sukari. Mai ciwon sukari, hawan jini, asma ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su fara ganin likita, su kuma ɗauki magani fiye da na kwanakin da suka ƙiyasta. A gaya wa abokan tafiya larurar da ake da ita da aljihun da maganin yake, don ranar da mutum ya kasa magana su ne bakinsa.

In an yi makuwa

Ƙa'idar masu kula da Hanyar Afalashiya ita ce, in mutum ya yi tafiyar kamar mita 400 bai ga farin zane ba, ya tsaya, ya juya ta inda ya fito har ya koma kan zanen ƙarshe da ya gani. In kuwa ya rasa ko ta ina ya fito, to nan take ya zauna. Ya sha ruwa, ya ci ɗan abu, ya bari bugun zuciyarsa ya lafa, domin firgici ne ke sa mutum gudu, gudun kuma shi ke mayar da ɓatan taku ɗari ya zama na kilomita biyar. Bayan ya natsu sai ya tuna inda ya ga alamar ƙarshe, ya saurara ko zai ji muryar mutane ko ƙarar mota, ya ɗaura wani ƙyalle mai haske a reshe a inda yake. In zai ɗan duba kewaye, kada ya yi nisan da zai daina hango ƙyallen.

In dare ya kusa, ko hazo ya sauka, ko akwai rauni, zama a wuri ɗaya shi ne daidai. Amma a zaɓi wurin da za a iya ganin mutum, kamar fili ko bakin sarari mafi kusa, a shimfiɗa tufafi masu launi a ƙasa don jirgi ya hango. A busa usur sau uku a jere, a saurara, a sake. Busa uku alamar neman agaji ce da masu ceto suka sani, kuma usur ya fi murya kai wa nesa, ba ya kuma dushewa. Da rana hayaƙin ɗanyen ganye na jawo ido, da dare kuma hasken tocila.

Game da zagayawa, ƙa'idar tsabta a can ita ce a yi nisan kamar taku 70 daga hanya da wurin ruwa, a tona ɗan rami, a rufe bayan an gama. To ga dabarar da za ki koya wa 'yarki: ta gaya wa abokiyar tafiya kafin ta ratse, abokiyar ta tsaya a kan hanya tana jiranta, ta miƙe sak ba tare da kwane-kwane ba tana ƙirga takunta, tana waiwaye don ta ga yadda hanyar komawa take, kuma usur ɗinta na wuyanta, wayarta na jikinta. Kada ta bar su cikin jaka a bakin hanya.

Abin da za ki koya wa ƙananan yara

A watan Fabrairun 1981 wani yaro ɗan shekara tara ya ɓace a dutsen Palomar da ke jihar Kalifoniya, aka yi kwana huɗu ana nema kafin a same shi sanyi ya kashe shi. Wasu daga cikin waɗanda suka yi neman sai suka kafa wani shiri na koyar da yara abu guda mai sauƙi: in ka ɓata, ka rungumi bishiya ɗaya ka zauna a gindinta. Yaron da ya tsaya wuri ɗaya ana saurin samunsa, wanda ke yawo kuwa yakan koma inda aka riga aka duba aka wuce.

Ki ƙara masa da abu biyu. Na ɗaya, ki tabbatar masa ba za a dake shi ba don ya ɓata, domin yara da yawa kan ɓuya ko su yi shiru in sun ji ana kiran sunansu, saboda tsoron faɗa. Na biyu, ki gaya masa in ya ji baƙin murya na kiran sunansa a daji ya amsa da ƙarfi. In za a fita da yara, a sa musu tufafi masu haske, a rataya wa kowa usur, babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, kuma a riƙa tafiya daidai da saurin wanda ya fi kowa rauni.

Ruwa da zafi

Mai tafiya da kaya a baya na buƙatar kamar rabin lita na ruwa a kowace awa, in ana zafi kuma har zuwa lita guda. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, to jiki na neman ruwa. Mata da yawa kan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya dame su a hanya, wannan kuwa kan jawo jiri, ciwon kai da ciwon mara. A gefe guda, ɗirkar ruwa zalla ba tare da cin komai ba yakan tsinka gishirin jini har mutum ya ruɗe. Saboda haka a riƙa haɗawa da abinci mai ɗan gishiri, ko ruwan gishiri da sukarin nan da kika sani: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ruwan rafi, komai kyan ganinsa, ba a shan sa haka nan. A tace shi da matatar matafiya, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa, ko a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku in an haura mita 2,000 a kan tsauni. An sha samun ɓarkewar amai da gudawa a rumfunan Hanyar Afalashiya sakamakon wata ƙwayar cuta mai suna norobairos, wadda man goge hannu na zamani bai cika kashewa ba. Sabulu da ruwa su ne maganinta, sai kuma guje wa zura hannu cikin ledar abincin wani.

Galabaitar zafi na farawa ne da gumi mai yawa, kasala, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka. Nan take a shiga inuwa, a sassauta tufafi, a sha ruwa da kaɗan-kaɗan, a huta. In kuwa mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, to bugun zafi ne, zafin jikinsa ya haura digiri 40, kuma mintoci ne tsakaninsa da mutuwa. A fara sanyaya shi tun kafin taimako ya iso: a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi in akwai, ana tallafe da kansa, ko a yi ta kwara masa ruwa ana fifita. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafi, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Mun ga girman wannan haɗari a aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba tare da inuwa ba.

Sanyin da ke kisa

Wanda ya tashi a ƙasar zafi yakan ɗauka sai ana ƙanƙara sanyi ke kisa. Ba haka ba ne. Jiƙaƙƙen tufafi da iska da gajiya sun isa su saukar da zafin jiki ƙasa da digiri 35, ko da a tsakiyar bazara ne. Hanyar Afalashiya ta bi ta kan dutsen Washintan a jihar Niyu Hamsha, mai tsawon mita 1,917, inda a 1934 aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa guda, kuma yanayin wurin kan juya cikin ɗan lokaci.

Alamomin su ne makyarkyata, hannu ya kasa ɗaura igiyar takalmi, harshe ya yi nauyi, tuntuɓe, da rikicewar tunani. Mai abin ba ya gane halin da yake ciki, sai na kusa da shi ya lura. In makyarkyatar ta tsaya alhali mutum na ƙara ruɗewa, to abin ya yi tsanani ne, ba sauƙi ya samu ba. A kai shi inda iska ba ta bugawa, a cire jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a shimfiɗa wani abu tsakaninsa da ƙasa, a rufe kansa da ƙirjinsa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada kuma a jijjiga shi.

Ga inda aikinki yake a matsayinki na mai haɗa kaya: yadin auduga na riƙe ruwa ya ƙi bushewa, don haka atamfa, shadda da wandon jins ba kayan wannan tafiya ba ne. Ulu da yadin roba mai saurin bushewa su ake so, a sa su hawa-hawa yadda za a iya ragewa ko ƙarawa, a kuma ƙulle kaya saiti ɗaya cikin leda don kwana. Mace mai dogayen tufafi ta sa wando a ciki, ta kuma tabbatar bakin rigarta ko mayafinta ba zai harɗe ta a kan dutse ba.

Ƙafa, faɗuwa da jini

Ba a shiga doguwar tafiya da sabon takalmi, sai an yi makonni ana sa shi a gida ya saba da ƙafa. Da an ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, a tsaya a manna filasta tun bai yi bororo ba. In an yi targaɗe, a huta, a tsoma ƙafar a ruwan sanyi, a naɗe da bandeji ba tare da matsewa sosai ba. In ana zaton karaya ce, a tallafe wurin da sanda da tsumma a yadda aka same shi, kada a yi ƙoƙarin ja ko miƙar da shi. Wanda ya faɗo daga tudu yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, ba a ɗaga shi sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. Wanda ya bugu a ka ya fara amai ko gyangyaɗi, maganar asibiti ce ba jira. Jini kuma danne shi ake yi da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, aƙalla minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa.

Maciji, kaska da beyar

Akwai macizai masu dafi a wannan hanya, kuma taimakon farko iri ɗaya ne da na saran kububuwa a gonakinmu. A matsa daga inda macijin yake, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire zobe, awarwaro da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wa tamau da igiya, domin duk wannan ƙara ɓarna yake yi, har ya kai ga yanke gaɓa. Allurar kashe dafi ita ce magani, irin wadda asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe ya yi suna a kanta.

Abin da ya fi maciji kwantar da matafiyan wannan hanya shi ne wata 'yar mitsitsiyar kaska mai ɗauke da cutar Layim. An gano cutar ne a 1975 a garin Layim na jihar Kanetikat, bayan wasu iyaye mata biyu sun kai ƙara ga hukumar lafiya kan yawan ciwon gaɓoɓi da suke gani a unguwarsu, musamman ga yara. Kaskar kan ɗauki fiye da yini guda a manne kafin ta sa cutar, shi ya sa ake duba jiki kowane dare, musamman hammata, bayan gwiwa, ƙugu da cikin gashi. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja ta sak, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. In bayan kwana 3 zuwa 30 an ga jan tabo yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ga likita, a kuma gaya masa dajin da aka shiga. Wannan na da muhimmanci in ɗanki ya dawo gida hutu da zazzaɓi, don kada a tsaya kan maganin maleriya kawai.

Baƙar beyar ta dajin kuwa abinci take nema. Ba a kwana da abinci a cikin tanti, ana rataye shi ne nesa a kan reshe, ko a kulle cikin mazubi na musamman. In an yi kiciɓis da ita ba a gudu, sai a tattaru wuri ɗaya, a ɗauki yara, a yi magana da ƙarfi, a ja da baya sannu a hankali.

Tsawa da kogi

In an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙu kafin a ji tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan. Muddin ana jin tsawa, to ana cikin haɗari. A sauka daga doron dutse, a guji fili da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, jama'a su warwatsu kada su cure wuri ɗaya, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe lantarki a jikinsa, a taɓa shi a taimake shi nan take, in ba ya numfashi a fara danna ƙirjinsa.

A jihar Meyin hanyar ta gitta kogin Kennebec, wanda ke da madatsar ruwa a samansa. In an saki ruwa kogin kan cika cikin ɗan lokaci, ya kuma taɓa cin matafiya. Saboda haka aka tanadi kwale-kwale mai tsallakar da mutane kyauta, shi ne ma aka ɗauka a matsayin hanyar. A ƙananan rafuka, ruwa mai gudu da ya haura gwiwa abin tsoro ne. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu don a iya yar da ita in an faɗi, a bar takalmi a ƙafa, a fuskanci inda ruwan ke fitowa ana dogara sanda. In ruwan ya yi yawa a jira ya janye, sannu ba ta hana zuwa.

Neman agaji

Lambar gaggawa a Amurka ita ce 911, a ƙasashen Turai da Nijeriya kuma 112. Wurare da yawa a daji babu sabis, don haka a kashe neman sabis ɗin wayar don batir ya daɗe, a riƙa kunnawa lokaci-lokaci. Rubutaccen saƙo kan fita a inda kira ya ƙi shiga. A yau akwai ƙananan na'urori da ke aika kiran ceto da ainihin inda mutum yake ta tauraron ɗan'adam, kuma tun daga 2022 wasu wayoyi, irin su iPhone 14 da na bayanta, suna iya yin haka a ƙasashen da aka buɗe tsarin. Ga mai shiga wuri irin dajin nan na Meyin mai tsawon kilomita 160, inda allon gargaɗi ke cewa a riƙe guzurin kwana goma, kuɗin wannan na'ura ba asara ba ne. Sai dai a jiki ake rataye ta, ba a ƙasan jaka ba.

In an samu masu ceto a waya, a faɗi inda ake tun da farko, sannan abin da ya faru, mutum nawa ne, da halin da majinyaci ke ciki. In dole sai an aika wani ya nemo taimako, mutum biyu su tafi da bayanin a rubuce, wani kuma ya zauna da majinyaci. Shi ya sa ake son ayarin ya kai mutum huɗu.

Kafin ki ce a dawo lafiya

To uwargida, ranar da aka zo miki da zancen irin wannan tafiya, ki zaunar da mai tafiyar ki tambaye shi: Su wa za ku tafi tare, wa ya san hanyar a cikinku? Ina takardar da za ka bar mini, kuma yaushe zan fara nemanka? Kun duba hasashen yanayi da halin da hanyar ke ciki, tunda ko a Satumban 2024 guguwar Helen ta lalata sassa da dama na kudancin Hanyar Afalashiya har aka rufe su? Ina usur ɗinka, taswirarka da rigar ruwanka? Me za ka yi in ka waiwaya ba ka ga alamar hanya ba? In ya amsa miki ta ƙarshen nan da cewa zai tsaya a inda yake, to ya fahimci karatun. Ki kuma karɓi alkawari a wurinsa cewa in hadari ya haɗu, ko wani a cikinsu ya gaza, za su juyo ko da suna hango ƙololuwar dutsen, su sake shiri wata shekarar.

Allah Ya kiyaye mana zuri'a a duk inda suke. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.